Inci Huɗu a Ƙugun Auta

Ku matso kusa, jama'a, yau ba labarin daɗi na kawo muku ba. Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce, shekarata ashirin da huɗu. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keken ɗinki biyu, benci ɗaya, da madubi mai tsaga a gefe. Mutum yana iya yi min ƙarya, madubi ma yakan yi, amma tef ɗin awo bai taɓa yi min ba. Shi ya sa ranar da na zagaya shi a ƙugun ƙanwata na ga lambar da ya nuna, sai da na warware na sake.

"Yaya, kin matse ni."

"Saki jikinki, kar ki riƙe numfashi."

"Wallahi ban riƙe ba."

Inci huɗu cikin wata huɗu. Auta shekararta goma sha biyu da rabi, kuma ni nake ɗinka mata yunifom tun tana aji ɗaya. Ɗabi'ata ce in bar rarar yadi a cikin ɗinki, saboda yaro ba ya jiran kowa in ya tashi girma. Wannan siket ɗin sau uku ina farke shi ina buɗawa. Ranar da nake ba ku labari babu sauran abin buɗawa, zif ya tsaya a rabi ya ƙi gaba.

Kar ku ce ban san girman yara mata ba. Kullum iyaye suna kawo min su a wannan shekarun. Yarinya za ta tafi hutu ta dawo ta kere uwarta tsawo, kafaɗa ta buɗe, jiki ya cika, sai in sauke kalmasar siket in buɗa gefe. Tsawo da faɗi tare suke zuwa. Amma Auta tsawonta yana nan inda na bar shi, ko rabin inci bai ƙaru ba. Fuskarta ce ta yi zagaye har idanunta suka ƙanƙance, tsoka ta taru a bayan wuyanta, kwalar riga ta daina zama. Hannuwa da ƙafafu kuwa sirara kamar da. Ni dai a aikina ban taɓa auna irin wannan ba, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

A gida kowa da nasa bayanin. Baba direban babbar mota ne, sai ya yi wata ba mu gan shi ba, ta waya ya yanke nasa hukuncin. "Jinin gidanmu ne, ƙannena mata duk haka suka yi, ku ƙyale min 'yata." Malamar ajinsu ta ce girma ne ya zo, a rage mata lemon kwalba da zaman talabijin, ta riƙa kwanciya da wuri, ta riƙa motsa jiki. Mama kuwa ta saurari kowa ta taɓe baki.

"Ci ne. Yarinyar nan ci take yi a ɓoye."

Washegari ta sayo kwaɗo ta garƙame kabad ɗin kicin, makullin ta ɗaure a bakin mayafinta. Burodin Auta ya koma yanka ɗaya, shayi babu sukari, shinkafa ludayi guda. Kuma yarinyar yunwa take ji ta gaske. In aka nemi ragowar abinci aka rasa, ba a tambaya.

"Ke ce ko?"

"Mama, wallahi ba ni ba ce."

"Rufe min baki! Wannan kumatun daga sama suka faɗo?"

A makaranta sun sa mata suna Balan-balan. Ranar Talata ta dawo ta jefar da jaka ta ce ita ta gama karatu, ko yanka ta za a yi ba za ta koma ba. Auta fa, wadda take kuka in aka ce yau babu makaranta. Na tsaya ina kallonta tana shessheƙa a kan katifa, raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce a zuciyata akwai mai hannu a wannan abin, kuma sai na gano shi.

Wanda na fara zargi, ku yafe min, shi ne mai nemana.

Kemis yake da shi, titi biyu daga shagona. Wata bakwai muna tare, magana ta yi nisa, manya sun san da ita. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, farar riga kullum, biro biyu a aljihu, in zai zauna sai ya kaɗe kujera. A wayata Mai Kemis na rubuta, har yau ban canza ba. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo leda ta Auta, biskit ne, cakulan ne, alawa ce. Da ina jin daɗi. Daga baya na fara lissafi. Ta yaya ya san ranar da na rufe shago da wuri? Wa ya gaya masa wani ya taɓa rako ni gida? Na ce to, ashe 'yar leƙen asiri aka ɗauka a ɗakina, ana biyanta da zaƙi, ga shi ya fito a jikinta.

Sai kuma saƙonninsa suka canza. Mutumin da yake tura min kalamai har in ji kunyar karantawa a gaban kwastoma, ga abin da ya koma turowa:

"Barka da rana, ranki ya daɗe. Ya jikin Auta?"

Na amsa, "Lafiyarta ƙalau."

"Tana samun barci kuwa?"

"Wani lokacin."

"Tana yawan jin ƙishirwa? In ta ji ciwo yana saurin warkewa?"

Na ajiye almakashi na ƙura wa wayar ido. Duk abin da ya tambaya akwai shi. Barcinta ya lalace, ruwa take sha kamar me, ƙujewar da ta yi a gwiwa sati uku ba ta rufe ba. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita ban haɗa su wuri guda ba, shi da yake ganinta minti biyar a bakin ƙofa ya aka yi ya sani? Na rubuta masa, "Ni kake nema ko asibiti za ka buɗe a gidanmu?" Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga layi ɗaya.

"Zan zo da yamma."

Na yi kwalliya, ba don ya burge ni ba, don ya san da wa yake magana. Doguwar riga koriya da na ɗinka wa kaina, mai tattara a hannu, mayafi ruwan toka, ɗan kunne ƙarami. Na fesa turaren da ya saya min, na tuna fushi nake, na yi tsaki, amma ya riga ya kama jiki. A falo na same shi ya kaɗe kujera ya zauna, hannunsa babu leda.

"Yau babu cin hancin?" na ce.

"Wane cin hanci?"

"Na 'yar rahotonka, mai gaya maka ranar da na rufe shago da wuri."

Ya yi murmushi, irin wanda yake ƙara min haushi. "Ranki ya daɗe, wata biyu ke nan da Mama ta ce in daina kawowa, na daina. Ba ki lura ba ne. Kuma zancen rufe shago, ta gaban kemis kike wucewa, ido gare ni."

Kunya ta ɗan kama ni, amma ban nuna ba. "To mene ne na tambayoyin nan?"

"Biskit yana sa ƙiba, gado yana sawa, girma ma yana kawo nasa. Amma ba irin wannan fuskar ba." Ya rage murya. "Akwai maganin da take sha?"

"Babu."

"Ko na asma, ko na ƙaiƙayi, ko na gargajiya?"

"Na ce maka babu. Auta ko ciwon kai ba ta cika yi ba."

"Akwai abin da take ci ko take sha kullum, wanda sauran 'yan gida ba sa sha?"

"Yarinyar da aka rufe wa kabad?"

Sai ya ɗago ya dube ni, ba kallon saurayi ba, irin kallon da nake wa yadi in ina neman inda ya yage. Daga wuyana zuwa hannuna.

"Ke kam kina nan yadda kike," ya ce a hankali.

"Me kake nufi?"

"Babu komai."

Jama'a, in namiji ya ce babu komai da wannan muryar, akwai komai. Ya miƙe da wuri, ko lemon da na kawo bai taɓa ba. Na raka shi bakin mota na dawo, ina cire ɗan kunne maganarsa tana juyawa a kaina. Abin da take sha kullum. Ke kina nan yadda kike. Ɗan kunne na biyu yana hannuna gabana ya yanke ya faɗi.

Akwai abin da ban gaya masa ba, ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ni siririya ce tun haihuwa, ko me na ci ba ya zama. Wata huɗu da suka wuce yayar Mai Kemis ta zo ganina, mace mai jiki da zobba a kowane yatsa. Ta dube ni sama da ƙasa tana dariya ta ce wa Mama, "Amaryar tamu ai sai a riƙe ta kar iska ta ɗauke. Ku ɗan kula da ita kafin lokaci." Mama ta yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna mata. Tun daga wannan satin kullum da safe sai ta haɗa min babban kofi na madara da ayaba da zuma, ta miƙo min da kanta.

Ni kuwa madara tayar min da zuciya take, ko warinta ba na so. Gardama da Mama kuma ɓata baki ne. Sai in karɓa in ce na gode, in shige ɗaki, Auta tana shirin makaranta, in miƙa mata. Ta shanye, in goge bakin kofin in mayar. Mama tana ta mamaki. "Ke wane irin jiki gare ki, kamar ana zuba ruwa a kwando?" Har kofin ta canza zuwa wanda ya fi girma. Da aka fara horon Auta da yunwa ma ban daina ba, a ganina taimakonta nake, ko ba komai ta tafi makaranta da wani abu a cikinta.

Amma madara ce fa. Madara da ayaba. Haka na yi ta gaya wa kaina, zuciyata tana ƙin yarda.

Da safe na riga kowa shiri. Na bar takalmina a ɗaki, na bi bango zuwa kicin. Ƙofar a sakaye take. Kafin in leƙa na ji wani ɗan sauti, ƙaras, ƙaras, bayan cokali a kan faranti. Mama ta juya baya, gwangwanin ganyen shayi a buɗe a gabanta, ta zaro wata 'yar farar takarda daga ciki. Ƙwayoyi ne ƙanana farare. Ta murƙushe su suka zama gari, ta kaɗe a cikin kofina, ta juya.

"Mama."

Ta zabura har cokalin ya faɗi. "Ke! Za ki kashe ni? Sallama ta gagare ki?"

"Mene ne wannan?"

"Mene ne me?"

"Abin da kika zuba."

Ta ɗaure fuska, ta gyara mayafi. "Na gyaran jiki ne. Duk masu shirin aure suna sha. Da na gaya miki ai ba za ki yarda ba, na san taurin kanki."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara ba ki madarar mana."

"Guda nawa?"

"Da ɗaya ne. Da na ga ba ya kama ki na mayar biyu." Ta kau da kai. "Wannan watan uku nake sawa. Ke kina gani uwa za ta cuci 'yarta ne? So kike dangin miji su raina ki, su ce gidanku ba a ci?"

Na dafa firij. Wallahi na so in yi mata ihu, na so in ɗora mata laifin duka in huta. Amma rabin laifin yana wuyana, kuma babu yadda zan faɗi nata ban faɗi nawa ba.

"Mama, ni ban taɓa sha ba."

"Kamar yaya?"

"Ko kurɓi ɗaya. Tun ranar farko."

"Kofin da kike dawo min da shi babu komai fa? Zubarwa kike? Kin san nawa..." Sai ta tsaya. Na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Bakinta ya buɗe, idanunta suka tafi ƙofar ɗakinmu suka dawo kaina. "A'a. A'a, ke dai ce min zubarwa kike."

Na girgiza kai ina hawaye.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sulale ta zauna a ƙasan kicin, ta ɗora hannu biyu a ka. "Na hana ta abinci. Na kira ta ɓarauniya. Jiya har mari na kai mata a kan yankan burodi, ashe da hannuna nake..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ɗauki takardar. Babu kwali, babu suna, irin 'yar ambulan ɗin da ake ƙirga ƙwaya a zuba a kemis.

"Wa ya ba ki?"

"Yayarsa. Duk wata take aiko min. Ta ce ita ma shi ta sha."

Na zuba ƙwayoyin a tafina, na ɗauki hoto na tura masa, ban rubuta ko harafi ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Auta ce take sha?" Ko gaisuwa babu.

"Wata huɗu. A kofina ake zubawa, ni nake ba ta."

Na ji ya ja numfashi. "Ki saurare ni da kyau. Wannan magani ne mai ƙarfi, na masu asma da ciwon gaɓoɓi, likita ne kaɗai yake ba da shi, da awo. Mutane suna sha don kumburin da yake sawa, suna ɗauka ƙiba ce. Ga yarinya mai tasowa har tsawo yana iya tsayarwa. Kuma kar ku yanke mata shi lokaci ɗaya, jikinta ya saba, yankewar tana da haɗari. Likita ne zai tsara yadda za a janye. Ku shirya, ga ni nan zuwa, yau za a gan ta."

"Tsawon nata zai dawo?"

"Likita zai faɗa. An gano da sauran lokaci, in sha Allahu."

Ya yi bayani tsaf, kamar mai karantawa daga takarda. Da wata ce ba ni ba, da ta yi masa godiya. Ni kuwa kallon ambulan ɗin nake.

"Daga shagonka ta fito?"

Sai ƙarar makullan motarsa na ji.

"Da kai nake. Yayarka take aikowa duk wata. A ina take samu?"

"Mu fara kai Auta tukuna."

"Jiya da ka dube ni ka ce ina nan yadda nake, me kake tsammanin gani?"

"Ranki ya daɗe..."

"Kar ka ranki-ya-daɗe ni! Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ba maganar waya ba ce. Na kusa."

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu, zuciyata tana tafasa. In bai sani ba, shi ne ya ceci ƙanwata. In ya sani, to wata huɗu yana zuwa falonmu yana jiran ya ga na kumbura, sai da ya ga abin ya fito a fuskar da ba ita aka nufa ba sannan tsoro ya kama shi. Kuma ko wanne ne, a motarsa za mu tafi, don ba ni da lokacin yin zuciya.

Na juya zan je in taso Auta, ashe tana tsaye a bakin ƙofa. Ta sa yunifom ɗin da ta rantse ba za ta ƙara sawa ba, ta riƙe gefen siket da hannu ɗaya. Ban san tun yaushe take wurin ba. Mama ta ɗago ta gan ta, ta miƙa mata hannu.

"Mama, to yanzu kin yarda ban yi sata ba?"

Mama ta fashe da kuka. Na durƙusa a gaban yarinyar na kama hannunta.

"Auta, ki yafe min. Wallahi ban sani ba. Na ɗauka daɗi nake miki, na ga kullum kina shanyewa tas..."

Ta dube ni da ƙananan idanun nan da suka shige cikin kumatu.

"Ni fa ba na son madarar, Yaya. Ɗaci gare ta a ƙasa. Don kar Mama ta yi miki faɗa nake shanyewa."

A waje Mai Kemis ya danna hon.